Shafin Intanet Na Ɗan Kasuwa: Ɗaukar Magini Da Riƙe Makulli

Laccar da aka gabatar a gaban 'yan kasuwa, manoma da matasa a garin Gallabat, jihar Gadarif

 

An nemi in yi bayani a kan yadda ɗan kasuwa ko ƙungiya za su ɗauki mai aikin kansa ya gina musu shafin intanet, musamman da irin manhajojin nan na zamani da ake gini da su ta hanyar gani da ido. Maganar da nake so kowa ya koma gida da ita guda ce: gina shafi ya yi sauƙi, mallakarsa ce ke da wuya. Mutum yakan biya kuɗinsa cif, ya ga shafi mai kyau ɗauke da sunan shagonsa, alhali ko kalmar sirri ɗaya babu a hannunsa. Duk abin da zan faɗa a yau hanya ce ta kauce wa wannan.

Garin da ya saba da baƙo

Gallabat gari ne da ciniki ya haifa. Mutanen yamma masu hanyar Makka, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, su ne suka raya shi tun ƙarni na goma sha takwas, suka yi noma, suka kafa kasuwa a tsakanin Sudan da Habasha. Matafiyin nan ɗan Ingila, Samuel Baker, ya iso nan a 1862 ya tarar da kasuwa tana ci, audugar ƙasar nan tana hawa tudun Habasha. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, Hausawa da Fulani suka ƙaru a bakin kogin Nilu da ƙasar Gadarif. Har gobe, gada ce kawai tsakaninmu da garin Matamma na Habasha, kuma a wuni ɗaya ɗan kasuwarmu yakan yi ciniki da Hausa da Larabci da Amharanci.

Na kawo wannan ne domin in tuna mana cewa kakanninmu sun san yadda ake sa baƙo ya amince da mutumin da bai taɓa gani ba. Suna da masauki, da dillali, da shaidu, da sunan gida wanda ba a yarda ya ɓaci. Baƙon yau yana zaune a Istanbul ko Alƙahira ko Jidda ko wata tashar jiragen ruwa ta Sin, yana neman farin riɗin Gadarif ko ƙaro, kuma abu na farko da zai yi shi ne ya rubuta sunanka a wayarsa ya ga me zai fito. In bai ga komai ba, sai ya wuce wurin wanda ya gani.

Abubuwa uku da ake kira shafi

Tun da Tim Berners-Lee ya buɗe shafi na farko a 1991 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, tsarin bai sauya ba a gindinsa. Kowane shafi abubuwa uku ne a haɗe, kuma kowanne ana iya mallakarsa daban.

Na farko shi ne suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ka, irin wanda ke ƙarewa da .com, ko .sd na Sudan, ko .ng na Najeriya. Wannan suna ba a sayensa har abada. Hayarsa ake yi shekara shekara a wajen kamfanonin rajista, kuma sunan .com yakan tsaya ne tsakanin dala 10 zuwa 20 a shekara. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, akan ɗan ba da lokaci, daga nan a sake shi kasuwa, kowa ma ya iya ɗauka.

Na biyu shi ne masauki, wato kwamfutar da ba ta barci, wadda take ajiye shafin tana miƙa shi ga duk wanda ya nema. Ita ma haya ce, ta wata ko ta shekara.

Na uku shi ne ginin kansa da kayan cikinsa: rubutu, hotuna, farashi, lambar waya, da tsarin da aka jera su.

Misali ɗaya zan bayar, kuma a kansa za mu yi ta tafiya. Suna shi ne takardar fili, masauki shi ne filin, shafin kuma ɗakin da aka gina a kai. Babu dattijo a zauren nan da zai ba magini kuɗi ya gina masa shago, sa'an nan ya bar magini ya rubuta takardar fili da sunan kansa ya kuma tafi da makulli. To wannan shi ne abin da ke faruwa kullum a harkar shafuka, domin kawai mai kuɗin bai san akwai takarda ba.

Gini da ido

A da, sai wanda ya iya rubuta umarnin kwamfuta layi bayan layi ne ke gina shafi. Yanzu akwai manhajojin da suka ɗauke wannan wahala. WordPress ta fito a 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Squarespace ta biyo baya a Amurka, Wix ta fito a 2006, Webflow ta zo bayansu, sa'an nan a 2016 aka fitar da Elementor, wadda ake ɗora wa WordPress domin a riƙa gini da ja da ajiyewa.

Ga yadda abin yake in ka tsaya a bayan magini. Allon kwamfutarsa ya rabu biyu. A gefe ɗaya akwai ƙananan akwatuna, wannan na hoto, wancan na rubutu, wani na taswira, wani na maɓallin kira. A ɗaya gefen kuma ga farin fili. Sai ya kama akwatin hoto ya ja shi ya ajiye a saman filin, ya ɗauko hoton buhunan riɗinka ya saka. Ya ja akwatin rubutu ya ajiye a ƙasa, ya rubuta sunan shago. In ka ce launin bai yi maka ba, nan take ya sauya kana kallo. Akwai ɗan hoton waya a gefen allon, in ya taɓa shi sai shafin ya tsuke ya nuna yadda zai fito a wayar hannu. Galibi ma ba daga farin fili ake farawa ba, akwai samfura da aka riga aka tsara, sai dai a cire hotunan wasu a sa naka.

Wannan sauƙi alheri ne, domin ya rage kuɗi da lokaci, ya kuma buɗe wa matasanmu sana'a. Amma ku lura da bambanci ɗaya babba. Manhajoji irin su Wix da Squarespace su ne masu fili, su ne kuma masu kayan gini. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa a kai shi wani masauki, ranar da ka ga dama ka tashi, sai dai a sake gini daga tushe. In kuma tsarin Wix na kyauta aka yi maka, sunan kamfanin zai manne a adireshinka, tallarsu kuma ta riƙa fitowa a kan shafinka. WordPress da ake saukewa a girka a masaukin da mutum ya zaɓa, ita tana ɗaukuwa dungurungum, amma tana buƙatar mai kula da ita, ya riƙa sabunta ta da ƙananan manhajojin da aka ɗora mata, in ba haka ba ɓarayin intanet su sami ƙofa. Kowanne da ribarsa da nauyinsa. Haƙƙinka ne magini ya gaya maka wanne ya zaɓa da dalilinsa kafin ya fara.

Kowa ne ke buƙatar shafi?

A'a. Mai shagon da masu sayen kayansa duk suna tsakanin Gallabat da Doka da Basunda, WhatsApp da Facebook sun ishe shi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba mutum damar jera kayansa da hotuna da farashi ba tare da ya biya komai ba. Duk maginin da ya gaya wa irin wannan mutum gaskiya ya ce masa ya riƙe kuɗinsa, wannan magini abin riƙewa ne.

Masu buƙata su ne waɗanda baƙo na nesa zai bincika kafin ya amince: ƙungiyar manoma da ke son mai saye daga waje, ɗan kasuwar riɗi ko ƙaro ko gyaɗa, mai motocin dakon kaya zuwa Bur Sudan, mai fiton kaya a kwastan, makarantar Islamiyya ko ƙungiyar agaji da ke neman tallafi. Zanen aro ba ya rufe katara. Shafinka na Facebook na kamfanin ne, yana iya rufe shi ba tare da ya saurare ka ba, kuma a ranar 4 ga Oktoba 2021 duniya ta ga yadda Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tare har kusan sa'o'i shida. Ban da haka, mai sunan kansa yana samun adireshin imel da ke ɗauke da sunan kamfaninsa, wanda ya fi na kyauta kwarjini a idon mai saye.

Yadda ake zaɓen magini

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koro dubban mutane daga Khartum, sa'an nan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara ta ƙaro wasu. A cikinsu akwai matasa masu ilimin kwamfuta da suka sauka a jiharmu, ga kuma 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Gadarif. Saboda haka ba a rasa magina ba. Akwai kuma kasuwannin intanet irin su Upwork da Fiverr da Mostaql na Larabawa, inda ake ɗaukar ma'aikaci daga ko'ina. Amma ga mai farawa, shawarata ita ce ya nemi wanda zai iya zama da shi a kan tabarma ɗaya, wanda aka san gidansu ko aka san wanda ya tsaya masa.

Gani ya kori ji. Kada ka yarda da hoton aiki, domin hoto ana iya ɗauko shi a ko'ina. Ka ce ya ba ka adireshin shafuka biyu ko uku da ya gina waɗanda suke aiki a yanzu, ka buɗe su a wayarka, a nan cikin kasuwa inda sabis ke rawa. Ka duba tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su buɗe. Ka taɓa lambar waya ka ga ko tana kira. Daga nan ka nemi masu shafukan ka yi musu tambaya ɗaya: bayan da ya karɓi kuɗinsa, in kun kira shi yana ɗauka?

Ka kuma saurari tambayoyin da shi yake yi maka. Maginin kirki zai tambaye ka su waye masu sayenka, da wane harshe suke karatu, me kake so mutum ya yi in ya shigo, ya kira ne ko ya aiko da saƙo. Wanda ya fara da nuna maka launuka da hotuna masu motsi tun bai san abin da kake sayarwa ba, ado zai sayar maka. Araha kuma ba ta ado: wanda ya faɗi farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, sau da yawa tsarin kyauta zai ɗora ka a kai, ko ya yi amfani da samfurin sata wanda aka cusa wa cuta a ciki.

A rubuta

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke Suratul Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Malamanmu na fiƙihu kuma sun sharɗanta a ijara cewa a san aikin, a san ladan, domin a toshe ƙofar jayayya. Duk da haka muna jin kunyar mu ce wa ɗan maƙwabci a rubuta. Kunyar nan ita ke raba zumunci daga baya. Takarda ɗaya ta isa, da sa hannun shaidu biyu, kuma ga abin da ya kamata ta ƙunsa.

Da farko, a rubuta cewa za a yi rajistar suna da masauki da sunan mai kuɗi, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. In ƙungiya ce, a buɗe imel na ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu daga shugabanni suka san kalmar sirrinsa. Magini a ba shi izinin shiga a matsayin ma'aikaci, domin duk manhajojin nan suna da hanyar gayyatar mai taimako ba tare da an miƙa masa mallaka ba.

Na biyu, a ƙirga aikin. Shafuka nawa ne, da harsuna nawa, wa zai kawo rubutu, wa zai ɗauki hotuna, kuma gyara sau nawa mai kuɗi zai iya nema kafin a ce sabon aiki ne. Wannan kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Na uku, a raba kuɗi gida biyu a fili: ladan magini, wanda ake biya sau ɗaya, da kuɗin haya, wanda zai riƙa dawowa kowace shekara. A rubuta nawa ne na suna, nawa ne na masauki, da ranar da kowanne zai ƙare. Mutane da yawa ba sa jin labarin wannan kuɗi sai ranar da shafin ya mutu.

Na huɗu, a biya daki-daki. Kashi ɗaya a farko, kashi ɗaya in an ga zubin aiki an amince, na ƙarshe kuma ranar miƙa makulli. A kuma faɗi da wane kuɗi za a biya. Dukanmu mun tuna Fabrairun 2021, lokacin da gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma tun bayan yaƙi fam bai tsaya wuri ɗaya ba. Tun da hayar suna da masauki da dala ake biyanta, a rubuta yadda za a lissafa canji, kada wani ya cutu.

Na biyar, a rubuta abin da zai biyo baya. Wa zai sauya farashi in kaka ta yi? Wa zai riƙa ajiye kwafin shafin? In ya lalace da tsakar dare, wa za a kira, kuma nawa ne ladansa a wata?

Na san wani dattijo mai fataucin riɗi da wani yaro mai hankali ya gina wa shafi a Khartum kafin yaƙi. Yaron bai ci amanarsa ba. Ya dai yi rajistar komai da imel ɗinsa domin ya sauƙaƙa wa dattijon. Da yaƙi ya tashi, yaron ya fita ƙasar, layinsa ya mutu, wa'adin suna ya cika babu mai sabuntawa. Adireshin da aka buga a jikin buhuna da katin kasuwanci ya koma hannun wani da ba a sani ba. Rabin sa'a na zama a buɗe asusu da sunan mai shi ya isa ya hana wannan asara.

Abin da ya keɓanci ƙasarmu

Shawarar da ake ba mutumin Landan ko Dubai ba duka ce za ta yi mana aiki ba, saboda dalilai uku.

Na farko biyan kuɗi. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki a 1997, ta ɗage shi a Oktoban 2017, ta kuma cire sunanta daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a Disambar 2020. Duk da haka kamfanonin waje da yawa suna ɗari-ɗari da mu har yanzu. Manhajar biyan kuɗi ta Bankak da muke ciniki da ita a kasuwa ba ta biyan waɗannan kamfanoni, katin Visa ko Mastercard suke nema. Don haka tun kafin a aza tubali, a tabbatar manhajar da aka zaɓa tana karɓar mutumin Sudan, a kuma san katin wa za a yi amfani da shi. In na ɗan'uwa ne da ke Saudiyya ko Masar, babu laifi, amma asusun ya kasance naka, katin kawai nasa. In da hali, a biya hayar suna ta shekara biyu ko uku gaba ɗaya. Haka nan kada magini ya ruɗe ka da maɓallin saye da kati a shafi. Cinikin riɗi na tan-tan ta banki da takardun fito ake yin sa, aikin shafi shi ne ya kawo mai saye bakin ƙofarka.

Na biyu yankewar intanet. An rufe ta fiye da wata guda daga 3 ga Yuni 2019, an sake rufewa na makonni bayan juyin mulkin Oktoban 2021, sa'an nan a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasa. Darasi biyu ke nan. Masaukin shafinka ya kasance inda wuta da intanet ba sa yankewa, domin ko mu muna cikin duhu, mai saye a waje ya ci gaba da ganinka. Sa'an nan a kula da lambar tabbatarwa da kamfanoni ke turowa ta saƙon waya in za a shiga asusu. Ranar da layi ya mutu, saƙon ba zai zo ba. Yawancinsu suna ba da wasu lambobi na ko-ta-kwana. A sa magini ya fito da su, a rubuta su da biro a takarda, a ajiye tare da takardun gona da na gida.

Na uku harshe da nauyin shafi. Larabci daga dama ake karanta shi, kuma ba kowane samfuri ne ke juyawa daidai ba, sai ka ga lambar waya ta birkice, farkonta ya koma ƙarshe. Amharanci yana da haruffansa. Hausarmu kuma tana da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda wasu salon rubutu ba su san su ba, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu. A gwada kowane harshe a waya kafin a biya. Kada kuma a dogara da fassarar na'ura a shafin da baƙo zai auna mutuncinka da shi, a nemi mutum ya karanta. Game da nauyi kuwa, manhajojin gini da ido suna da halin tara kaya. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage shi ba yana iya fin dukan rubutun shafin nauyi sau da yawa. Bidiyo mai kunna kansa da hotuna masu shawagi suna cinye datar mai kallo, su kuma sa shi ya gaji ya fita.

Me za a zuba a ciki?

Wannan aikinka ne, magini ba zai san shi ba. Mai sayen riɗi yana so ya san irin riɗin, fari ne ko ja, tsabtarsa kashi nawa ce, damshinsa da yawan mansa, nauyin buhu, yawan abin da za ka iya haɗawa bayan girbin Oktoba da Nuwamba, da inda za ka kai masa kaya. Yana so ya ga sitonka na gaskiya da ma'aikatanka, da lambar rajistar kasuwancinka. Kada ka bari a ɗauko hoton gonar wata ƙasa a manna maka. Haƙƙin wani ne, kuma algus ne, ranar da baƙo ya gane ƙarya ɗaya ya daina yarda da sauran. Yanzu ma manhajojin nan suna da basirar na'ura da ke rubuta bayanin kamfani cikin daƙiƙa, ta ce kana da rassa da shekarun ƙwarewar da ba ka da su. Duk layin da ba gaskiya ba ne a goge shi.

Kada kuma a sa lambar asusun banki a fili. Akwai 'yan damfara da sana'arsu ke nan, su kutsa imel ɗin ɗan kasuwa su aika wa mai saye cewa asusu ya sauya. Ka sanar da abokan cinikinka tun farko cewa duk wani sauyin asusu sai sun ji muryarka.

Ranar karɓar aiki

Ranar nan ka zo da ɗanka ko 'yarka mai karatu, ku zauna da magini. Ka shiga asusun suna da hannunka ka ga sunanka a rubuce da ranar ƙarewar haya. Ka shiga masauki haka nan. Ka sauya kalmomin sirri a gabansa, wannan ba rashin yarda ba ne, ƙa'idar aiki ce, kuma maginin kirki shi zai fara tuna maka. Ka duba cewa adireshin yana farawa da https, domin tun 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da wannan kariya tambarin rashin tsaro, alhali hukumar Let's Encrypt kyauta take ba da ita. Ka aika wa kanka saƙo ta shafin ka ga ya iso. Ka sa ya koya wa yaronka yadda ake sauya farashi da hoto, yaron ya yi da hannunsa sau ɗaya. Ka karɓi kwafin rubutu da hotuna a filashi. In duk wannan ya kammala, ka biya cikon kuɗi nan take, kada ka ce ya dawo gobe.

Kalma ga matasa, da ga iyayensu

Ƙannena masu wannan sana'a, jarinku amana ce. Manhajar da kuke aiki da ita kowa zai iya koyonta a 'yan makonni, abin da zai sa a riƙa nemanku shi ne a ce wane ba ya ɓoye komai. Kada ku riƙe makullin mutum domin ya riƙa dawowa wurinku dole. Ku faɗi kuɗin shekara tun a zaman farko. Abin da ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba, ku nuna wanda ya iya. Ku rubuta wa kowane mai aiki takardar da ke ɗauke da bayanan asusunsa, yadda ko kun yi tafiya wani zai ɗora daga inda kuka tsaya.

Ku kuma iyayenmu, kada ku raina aikin domin ba ku ga gumi ba. Yaron nan ya sayi kwamfuta, ya sayi data, ya biya kuɗin caji, ya kwana yana gyaran abin da ba za ku taɓa gani ba. Kada a ce masa ai danne-danne ne kawai, ko a sallame shi da Allah ya yi albarka. In muka biya 'ya'yanmu haƙƙinsu, za su zauna a nan su yi mana aiki maimakon su tsallaka gada neman abin yi a wata ƙasa.

Kammalawa

Ina roƙon shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin manoma su yi abu biyu kafin kaka mai zuwa. Su sa a tsara takardar yarjejeniya guda, da Hausa da Larabci, wadda duk mai son ɗaukar magini zai karɓa ya cike. Su kuma tattara sunayen matasan garin nan da suka iya aikin, tare da shafukan da suka gina, domin mai nema ya san inda zai dosa. Duk wanda kuma yake da shafi a yanzu, kada ya kwana bai tambayi wanda ya gina masa ba: da sunan wa aka yi rajista, kuma yaushe haya za ta ƙare? In amsar ba sunanka ba ce, a gyara tun ana ganin juna.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu.